Mawaƙi Mai Zaman Kansa: Daga Ƙofar Fada Zuwa Zango da Bariki

Gabatarwa

A cikin birnin Kwatano na Jamhuriyar Benin akwai unguwar da ake kira Zongo, mai babban masallaci, ba nisa da kasuwar Dantokpa. Sunan daga Hausa ya fito, wato zango, inda ayarin fatake ke sauke kaya su huta kafin su ci gaba da tafiya. Akwai irin wannan unguwa a Lome da Kumasi da Akra, a Ibadan kuwa Sabo ake ce mata. Mazaunanta mutane ne da neman abinci ya raba su da garuruwan iyayensu: 'yan kasuwa da mahauta da direbobi da 'yan dako da malamai. Suna da sarkin zango ko sarkin Hausawa mai sasanta tsakaninsu, amma ba su da fada irin ta Kano ko Katsina, mai hakimai da gandu da makaɗan gado.

Wannan bambanci ya bar alama a tarihin waƙar baka. A irin waɗannan matsugunai na baƙunta, da barikokin da jirgin ƙasa da mota suka haifar, mawaƙin da ba shi da ubangida guda ya sami masu sauraron da suka ishe shi rayuwa. Wannan nazari zai bi tasowar irin wannan mawaƙi, tare da ɗaukar Ɗan Maraya Jos a matsayin babban misali, domin shi ma a zangon Hausawa aka haife shi.

Mawaƙi da Ubangidansa

A tsohon tsarin ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, kuma kusan kowane makaɗi yana da wanda ya jingina da shi. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun karkasa makaɗa gwargwadon waɗanda suke yi wa waƙa: akwai na fada, da na sana'a, da na maza, da na jama'a. Ibrahim Narambaɗa ya shahara a fadar Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, Ɗan Anace kuma ya yi suna wajen 'yan dambe. Makaɗin fada yana samun ci da sha da sutura, wani lokaci har da gida da doki da sarauta. Abin da yake biya da shi kuwa harshensa ne: ya koɗa ubangidansa, ya yi wa abokan hamayyarsa zambo da habaici, kuma ba ya waƙar wani ba da yardarsa ba.

Tun a wancan zamani akwai maroƙi mai yawo shi kaɗai daga gari zuwa gari. M. G. Smith ya yi bayaninsa a maƙalar da ya wallafa kan roƙo a 1957, inda ya nuna cewa tsoron bakinsa ake yi, domin wanda ya hana shi kyauta yabo na iya juye masa zuwa zambo a bainar jama'a. Saboda haka rashin ubangida a wancan lokaci ba abin alfahari ba ne. Alama ce ta mutumin da ba shi da matsuguni, ba shi kuma da mai tsawata masa.

Shata da Buɗewar Hanya

Wanda ya fi kowa sauya wannan kallo shi ne Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya shiga harkar ba. Ya fara da tallar goro da alewa, ya riƙa waƙa a dandali da kasuwa, daga baya ya haɗa ƙungiyar makaɗan kalangu da 'yan amshi. Ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar, amma bai zama makaɗin wata fada ba. Ya waƙe attajiri da direba da ɗan siyasa da manomi, har da kumbon Apollo 11 da Amurka ta aika duniyar wata a 1969. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa. Da ya rasu a watan Yunin 1999 an riga an yarda cewa mawaƙi na iya tsayuwa da ƙafarsa ya kuma yi daraja.

Zamani ma ya taimaka masa. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka fara karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sauyin ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙara rage ikon sarakuna. Dukiya ta koma hannun 'yan kasuwa da 'yan kwangila da masu motocin haya, kyauta ta bi dukiya, mawaƙa suka bi kyauta.

Maraya da Kuntiginsa

Turawa sun soma haƙar kuza gadan-gadan a tsaunukan Jos tun farkon ƙarni na 20, kuma a 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa yankin. Lebura da 'yan tireda suka kwararo daga Kano da Bauci da Barno da sauran wurare, garin Bukuru ya cika da baƙi masu magana da Hausa, aka naɗa musu sarkin Hausawa kamar yadda ake yi a kowane zango. A nan aka haifi Adamu Wayya a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya rasu jim kaɗan bayan haihuwarsa, mahaifiyarsa ma ta bi shi tun yaron yana ƙarami. Sarkin ne ya riƙe shi, daga nan laƙabin Ɗan Maraya ya samo asali.

Bisa al'ada gurbin mahaifinsa ya kamata ya gada. Sai wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri ta haɗa shi da kuntigi, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, wanda sau da yawa da gwangwanin kifi ake yin ƙoƙonsa a rufe da fatar akuya. Zaɓin wannan abin kiɗa ya tsara masa rayuwa. Mai kotso ko kalangu yana bukatar makaɗa da 'yan amshi da sanƙira, dole ya ciyar da su ya kuma raba abin da aka samu da su, don haka dole ya nemi masu hannu da shuni. Mai kuntigi kuwa shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, shi ne ɗan amshin kansa, kuma kayan aikinsa ba su wuce ya rataya a kafaɗa ba. Ƙarancin nauyin da ke kansa ya ba shi damar yi wa wanda ba shi da abin bayarwa waƙa.

Waƙar da ta fara fito da shi ita ce ta Karen Mota, inda ya ɗauki salon yabon da aka saba yi wa manya ya ɗora wa yaron da ke loda fasinja da canza taya da tura mota idan ta mutu a hanya. A Jawabin Aure ya gargaɗi ma'aurata kan saurin rabuwa, a Auren Dole ya soki iyayen da ke aurar da 'ya ga wanda ba ta so, a Gulma Wuya kuma ya ba da labarin magulmaciya mai kashe auren mutane. A irin waɗannan waƙoƙi yakan sauya murya ya kwaikwayi kowane mai magana, har mai sauraro ya ɗauka wasan kwaikwayo yake ji. Lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa gwiwa. Bai kasance shi kaɗai a wannan fage ba: Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna da gurmi, Hassan Wayam da kukuma, Barmani Coge ta Funtuwa kuma da kiɗan ƙwarya a taron mata.

Inda Abinci ke Fitowa

Hanyoyi uku ne suka riƙe irin wannan mawaƙi, kuma ba daidai suke biya ba. Ta farko ita ce wasa a gaban jama'a: bikin aure da suna, ajo, taron 'yan kasuwa, kulob da otal na bariki. A nan ake yin liƙi, a nan kuma wanda aka ambaci sunansa yake yin kyautar riga ko kuɗi, wani lokaci har mota. Ta biyu rediyo ce. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda ake kama shi a gajeren zango har a ƙasashen maƙwabta. Ta uku ita ce faifai. Kamfanonin da ke buga shi a bakin teku suke: EMI da Decca a Legas, a Kwatano kuma akwai Satel, da Albarika Store mai kai makaɗan Benin irin su Poly-Rythmo ɗaukar sauti a Legas. Mawaƙin Arewa sai ya yi tattaki ko ya jira a zo a ɗauke shi.

Da kaset ya yaɗu a shekarun 1970 sai waƙa ta sami ƙafa. Direban da ya ɗauko albasa ko shanu daga Arewa ya bi ta Gaya da Malanbil da Paraku zuwa Kwatano yana iya sauka da waƙar da aka ɗauka a Kaduna, ta kwana ana jin ta a teburin mai shayi a Zongo. Mutumin da ya shekara goma bai taka garinsu ba sai ya ji ana waƙar irin aikinsa da irin damuwarsa da harshen gida. Sai dai kaset ɗin da ya kai sunan mawaƙi nesa, kowa na iya kwafarsa a rumfar kasuwa. Dokar haƙƙin mallaka da Nijeriya ta kafa a 1988 ba ta hana hakan ba. Rediyo da kaset suka zama masu shela, abinci kuwa ya ci gaba da fitowa daga filin wasa da aljihun masu kyauta.

Abin da 'Yanci ya Ci

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Makaɗin fada idan ya tsufa ko ya kwanta ciwo akwai mai ɗaukar nauyinsa, ɗansa kuma zai gaji gurbinsa. Mai zaman kansa ba shi da wannan tabbaci: ranar da murya ta dushe ko aka daina gayyata, samu ya tsaya. Bukatar masu kyauta ma ba ta ƙare ba, yawansu ne ya ƙaru, shi ya sa ko waɗanda suka waƙe talaka sun yi wa attajirai da gwamnatoci waƙa. Ɗan Maraya ya sami lambar girmamawa ta ƙasa da digirin girmamawa daga Jami'ar Jos kafin rasuwarsa a ranar 20 ga Yunin 2015, amma da yawa daga tsararrakinsa masu gurmi da kukuma sun ƙare ba su bar komai ba sai muryarsu a tsofaffin kaset.

Mawaƙan sitidiyo da suka taso da finafinan Hausa daga shekarun 1990 sun gaji wannan hali a sabuwar siga. Fiyano ta maye gurbin kalangu, waya da intanet suka maye gurbin kaset, masu tura waƙa a kati suka maye gurbin masu kwafa. An kuma sami sabon mai tsawatarwa: a 2001 aka kafa hukumar tace finafinai ta Jihar Kano, kuma a 2009 aka gurfanar da Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, bisa zargin sakin waƙa ba da izininta ba. Har yau bikin aure da taron siyasa ne suka fi ciyar da mawaƙi.

Kammalawa

Ɗalibin da ke nazarin waƙar baka zai amfana idan, kafin ya shiga jigo da salo, ya tambayi wane ne ke ciyar da mawaƙin da kuma mutum nawa ke ci a ƙarƙashinsa. Amsar ita ce ke bayyana dalilin da ya sa Narambaɗa ya tsaya kan sarki guda, Shata ya ratsa kowane rukuni, Ɗan Maraya kuma ya iya tsayawa shi kaɗai ya yabi karen mota. Ita ce kuma ke nuna gudummawar zango da bariki, daga Bukuru har Kwatano, inda baƙi masu ƙananan sana'o'i suka haɗu suka zama ubangidan da babu irinsa a tsohon tsari.