Lokacin da 'yan Filifin suka zo mana ci-rani

Jama'a, kwanakin nan ana ta muhawara kan likitoci da nas-nas ɗinmu da ke tsallakewa Saudiyya da Ingila. Na ga wani ya ce mu yi koyi da 'yan Filifin, wani ya ce ina, ai al'adarsu daban tamu daban. Bari in ɗan tuna mana tarihi, don da yawa cikin masu kallon fina-finansu ba su san mutanen nan sun taɓa zuwa neman abinci ƙasar nan ba.

Wanda ya tashi a Kakuri, Makera, Nasarawa ko Barnawa kafin masaƙu su mutu ya san tsallaken kogin nan matattarar baƙi ce. An buɗe KTL a 1957. UNTL na hannun Sinawan Hong Kong, Arewa Textiles na da Japanawa, Faransawa suka zo da Fijo a 1975, kamfanin Chiyoda na Japan ya gina matatar mai da aka buɗe a 1980. Waɗannan duk da jari ko kwangila suka zo. Ɗan Filifin kuwa da takardar shaidar karatunsa ya zo. Kuɗin fetur ya shigo, an fara UPE a 1976, makarantu sun yi yawa, malamai sun yi kaɗan. Sai jihohin Arewa suka ɗebo malamai daga Indiya, Pakistan, Masar, Gana da Filifin. Su ne suka koyar da lissafi da kimiyya a sakandare da dama, wasunsu kuma likitoci ne a asibitocin gwamnati.

Bambanci kam akwai shi. Fuskarsu ta Asiya ce, amma sunayensu na Sifaniyawa, irin su Santos da Cruz, saboda Sifaniya ta mulke su fiye da shekara 300, Amurka ta karɓa daga 1898 zuwa 1946. Akasarinsu Katolika ne, tun watan Satumba suke fara hidimar Kirsimeti. Suna cin alade. Dokar ƙasarsu ba ta yarda da saki ba, sai ga Musulminsu kawai. E, suna da Musulmi: Musulunci ya isa tsibiran Sulu tun ƙarni na 14, kafin Sifaniyawa su zo.

Amma ku duba ɗaya gefen. Suna da abin da suke kira hiya, wato kunya, irin wadda ke hana mutum cewa a'a ƙiri-ƙiri a gaban babba. Yaro kan kama hannun dattijo ya ɗora a goshinsa, kamar yadda namu ke durƙusawa. Suna da bayanihan, maƙwabta su taru su ɗauki bukkar mutum ɗungurungum su kai masa sabon wuri. Wannan ba gayya ba ce? Albashin mutum ɗaya kuma na dangi ne kaf, kamar dai a nan.

A ganina babban bambancin yana wajen yadda suke kallon ɗan ci-rani. A 1974 Shugaba Marcos ya sa tura ma'aikata waje cikin dokar ƙwadago. A 1982 suka kafa hukumar da ke tantance dillalai da duba kwantiragi kafin mutum ya hau jirgi. A 1988 Shugaba Cory Aquino ta tsaya gaban 'yan aikatau ɗinsu a Hong Kong ta kira su sababbin gwaraza. Yanzu ma'aikata guda suke da ita ta 'yan ci-rani, kuma kuɗin da ake turowa gida ya haura dala biliyan 30 a shekara. Ba wai babu kuka a ciki ba ne, yara da yawa sun girma a hannun kakanni, an kuma ci zarafin wasu a gidajen aiki. Amma akwai ofishin da za su kai ƙara.

Da SAP ta zo a 1986 naira ta faɗi, yawancinsu suka tattara suka yi gaba. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Yau mu ne a layin biza, nas ɗinmu na aiki kafaɗa da kafaɗa da nasu a Jidda da Landan.

Mu Hausawa ba baƙin ci-rani ba ne, kakanninmu sun yi fataucin goro har Gwanja. To me ya sa yarinya za ta tafi aikatau Saudiyya a ɓoye, ta hannun dillalin da ba wanda ya san ofishinsa, don kar unguwa ta ji? In ta shiga uku a can, wa za ta kira? Kunyar da muka haɗa da su, su sun cire ta daga kan neman halak, mu kuwa a nan muka ajiye ta.

Duk wanda ɗan Filifin ya taɓa koyar da shi ko ya duba shi a asibiti, don Allah ya ba mu labari a ƙasa. Allah ya tsare namu da ke can, ya dawo da su lafiya.