Lissafin Manomi da Cacar Pascal

Blaise Pascal, masanin lissafi na ƙasar Faransa da ya rasu a 1662, ya bar wata hujja da aka buga cikin littafinsa Pensées a 1670. Ya ce hankali kaɗai ba zai yanke hukunci kan samuwar Allah ba, amma tilas kowa ya ɗauki ɓangare. Wanda ya yi imani, in lahira gaskiya ce, ya sami riba marar iyaka. In kuwa babu, ɗan jin daɗin duniya kawai ya rasa. Wanda ya ƙi, asararsa ce za ta zama marar iyaka. Saboda haka mai hankali sai ya zuba jarinsa a kan imani.

Hujjar ta girmi Pascal. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo irinta a Ihya'u, ana kuma jingina asalinta ga Sayyidina Aliyu. Wani malamin Sifaniya, Miguel Asín Palacios, ya bi diddigin wannan kamanci a 1920. Abin da nake son dubawa shi ne ko lissafin da kansa yana kai mutum inda Pascal ya ce zai kai shi. A ganina ba ya kaiwa, kuma manoman arewacin Kano sun fi kowa iya nuna dalili.

A karkarar Dambatta, Bichi, Minjibir da Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona kuma ba a barin ƙasa ta huta, rashin tabbas abokin zama ne. Wani manomin yakan yi binne, ya zuba irin gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. In ruwan farko ya yi ƙarfi, ya riga kowa. In yayyafi aka yi rana ta biyo baya, iri ya lalace, sai a sake shuka. Asara ƙarama, riba babba: har nan da shi da Pascal bakinsu ɗaya. Sai dai a duba gonar tasa. Gero ne da dawa a kunya guda, daga baya a soka wake, ga gyaɗa a gefe, ga awaki a gida, da rani kuma a tafi cin rani. Michael Mortimore, wanda ya daɗe yana nazarin wannan yanki har ya ga yadda mutanen Arewa suka tsallake farin 1972 zuwa 1974, ya nuna cewa wannan rarraba hannu ita ke riƙe da su. Wanda bai san abin da damina za ta yi ba, ba ya zuba komai wuri ɗaya.

To, a ɗauki wannan hankali a kai shi fagen addini. Pascal ya yi kamar ƙofa biyu ce kawai, Kiristancinsa ko rashin addini. A ƙasar Kano ba a taɓa samun tambayar da wannan siffa ba, domin tsakanin Musulunci ne da tsafin kakanni, daga baya mishan ya shigo. Idan tsoron asara ne kaɗai jagora, abin da lissafi zai ba da shawara shi ne a raba ƙafa. An kuwa yi hakan. Tarihin Kano ya ba da labarin Sarki Kananeji, ɗan Yajin da ya karɓi Wangarawa masu kawo Musulunci, wanda yaƙin Zazzau ya gagara sai ya koma ga tsafin da aka bari. Ga kuma Dirki, Alƙur'anin da aka naɗe cikin fatu ana yanka masa shanu, har zamanin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe. Waɗannan mutane ba wawaye ba ne, lissafin gona suka yi. Sakamakonsa kuwa shi ne abin da masu jihadin 1804 suka kira cakuɗa Musulunci da shirka.

Malaman tauhidi sun riga sun toshe wannan hanya ta wani gefen. Ɗalibin da ya karanta Ummul Barahina ta Sanusi a zaure ya san ana neman ƙudurin zuciya ne mai yankewa, zato ko rinjayen zato ba ya isarwa. Gaskiya ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi raddi mai yawa ga masu kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin ilimin kalam ba. Amma abin da ya kare shi ne imanin mutumin da zuciyarsa ta natsu ko da harshensa bai iya hujja ba, wanda ya sha bamban da mai cewa "bari in yi, ko da wataƙila".

Ya kamata a yi wa Pascal adalci. Shi ma ya san riba ba ta haifar da gaskatawa, shi ya sa ya ce mai shakka ya lizimci ibada har zuciya ta saba. Gazali ma gafalalle yake zaburarwa da hujjar, bai kafa aƙida a kanta ba. A wannan matsayi tana da amfani, tana hana mutum yi wa maganar lahira riƙon sakainar kashi. Amma ba ta iya zaɓar wa mutum abin bauta, kuma wanda ya bi ta ita kaɗai zuwa ƙarshenta, raba ƙafa za ta koya masa. Malamin da zai koyar da ita a jami'a ko a zaure ya sa ta a babin wa'azi, kada ya sa ta a babin hujjojin tauhidi.