Na'urorin Gida Masu Koyon Halin Mai Gida: Wanne Ya Dace Da Mu A Sabo?

Jama'a, ana ta tallar kayan lantarkin da ake cewa suna "sanin" mai gida. Ga bayanin da na haɗa wa 'yan uwa na Sabon Ibadan da sauran zangunanmu na Kudu.

Na'ura ce mai ɗauke da ma'aunin motsi, zafi, haske ko sauti. Tana lura da lokacin shigarka ɗaki da lokacin kwanciyarka, sai ta riƙa kunna fanka ko kashe fitila ba tare da an ce mata ba. Wadda ta fara yin suna ita ce Nest, da ta fito a Amurka a 2011, mai koyon irin sanyi ko ɗumin da mutum yake so a ɗakinsa. Google ya saye kamfanin a 2014 kan dala biliyan 3.2. A shekarar ce kuma Amazon ya fito da Echo, mai muryar Alexa. A 2022 aka ƙaddamar da tsarin Matter domin kayan kamfanoni daban-daban su yi aiki tare.

Sai dai an ƙera su ne don gidan mutum uku ko huɗu, inda wuta ba ta ɗaukewa. Sabo kuwa tun kafuwarta a 1916 masaukin fataken goro da shanu ce. Gidan da baƙi ke sauka yau, gobe su kama hanyar Arewa, halin wa na'ura za ta koya? Ga shi Alexa ba ta jin Hausa, kuma da yawansu in intanet ya yanke sai su zama kwalliya kawai.

A ganina, waɗanda suka fi mana amfani su ne masu lura da yanayi ba tare da intanet ba: fitilar sola da ke ƙara haske in ta ji motsi a zaure, makunnin da ke kashe injin ruwa in tanki ya cika, da wanda ke mayar da gida kan wutar gari ya kashe janareta da zarar an kawo. Tun da hukumar NERC ta kai yunit ɗaya naira 225 ga 'yan rukunin Band A a Afrilun 2024, ɓarnar wuta ba abin wasa ba ce.

Babban abin lura shi ne sirrin gida. Mai kyamara ko makirufo tana aika bayanai zuwa rumbun kamfani, galibi a ƙasar waje. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ka ikon sanin abin da aka tara a kanka, amma rigakafi ya fi magani. Kafin ka biya, tambayi mai shago: tana aiki ba intanet? Ana iya kashe makirufonta? In ta lalace, akwai mai gyara a Ibadan? Kada kuma a kafa kyamara a cikin gida sai da sanin matan gidan da yardarsu.