Labarin Adadin Da Ya Ƙaryata Zaton Gwani

'Yan makaranta, ku dubi wannan adadi: 4,294,967,297. Ya haura miliyan dubu huɗu, kuma shekara 92 ana zaton babu abin da ke raba shi.

Masanan lissafi sun kasa adadai kashi biyu, in an ware 1. Akwai masu rabuwa, kamar 15, watau 3 sau 5. Akwai kuma marasa rabuwa, kamar 7 da 13, waɗanda ba abin da ke raba su ba saura, sai 1 da su kansu.

A ƙasar Faransa an yi wani alƙali a birnin Tulus, sunansa Pierre de Fermat, gwanin lissafi ne ƙwarai. Ya ɗauki 2, ya yi ta sau kanta, ya sami 4. Ya yi 4 sau 4, 16. 16 sau 16, 256. Sa'an nan 65,536. Da ya ƙara wa kowane 1, sai ga 3, 5, 17, 257 da 65,537, dukansu marasa rabuwa. Saboda haka a 1640 ya rubuta wa abokansa cewa yana kyautata zaton haka jerin zai tafi har abada, ko da yake ya faɗa musu bai sami cikakkiyar hujja ba. Na shida cikin jerin shi ne adadinmu, watau 65,536 sau 65,536, a ƙara 1. Fermat ya rasu a 1665, maganar tana nan yadda ya bar ta.

Amma ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A 1732 wani saurayi ɗan shekara 25, Leonhard Euler, mutumin Suwizalan mai aiki a ƙasar Rasha, ya nuna adadin nan 641 ne sau 6,700,417. Daga baya ya bayyana dabarar. Duk adadin da zai raba wannan, lalle ne in an raba shi da 64 saura 1 ya rage. Marasa rabuwa masu wannan hali su ne 193, 257, 449, 577, 641, har gaba. Ashe a gwaji na biyar asirin ke tonuwa.

Tun daga ran nan aka yi ta bin jerin, da alƙalami, daga baya da kwamfuta. Na bakwai ma an iske yana rabuwa, haka waɗanda ke biye da shi har guda ashirin da 'yan kai. Har yanzu ba a sami wani mara rabuwa a jerin ba, ban da biyar ɗin farko.

Abin da muke so ku riƙe shi ne, misali biyar ba su zama hujja a lissafi, ko da daga bakin gwani suka fito. Mu ma kada ku gaskata mu haka kawai. Ku ɗauko allo, ku yi 6,700,417 sau 641, gani ya kori ji.