Madubin hasken X: yadda ake ƙera shi da yadda ake gwada shi

Hasken X shi ne wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, abin da muke ce wa radiyo. Wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano shi a 1895. Taurarin da suka tarwatse suna fitar da irin wannan haske, amma iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi kafin ya iso ƙasa. Don haka masu binciken sararin samaniya sai sun harba na'urorinsu sama kafin su gan shi.

Wahalar ita ce, idan hasken X ya faɗo wa madubi kai tsaye, ba ya dawowa: ko dai ya ratsa shi, ko madubin ya shanye shi. Sai in ya zo a karkace ƙwarai, ya shafi fuskar madubin kawai, sannan yake juyawa, kamar yadda faffaɗan dutse ke tsalle a kan ruwan tafki idan an jefa shi a kwance. A 1952 Hans Wolter, shi ma Bajamushe, ya fito da tsarin da ake bi har yau: madubai masu siffar ganga, ƙanana a cikin manya, suna tara hasken wuri guda.

Na'urar Chandra, wadda hukumar NASA ta Amurka ta harba a Yulin 1999, tana da irin waɗannan gangunan guda huɗu, babbar mai faɗin mita 1,2. Da gilashi aka yi su, aka goge su sumul, aka shafe da ƙarfen iridiyom. XMM-Newton ta Turai, wadda ta tashi daga Kuru a Giyanar Faransa a Disamban shekarar, tana da jeri uku, kowane da madubai 58 masu ruwan zinariya.

Gwajin yana buƙatar dogon bututun da aka zuƙe wa iska, domin hasken ya iso madubi kamar daga tauraro mai nisa. Na garin Huntsville, inda aka gwada Chandra, ya kai kusan mita 500. Madubin XMM-Newton kuwa an gwada su a Liyej ta Beljik da cibiyar Panter kusa da Munik.

Dalilin wannan tsanani a bayyane yake. Bayan harba Hubble a 1990 aka gano kuskure a madubinta, sai a 1993 ƴan sama jannati suka je suka gyara ganinta. Chandra kuwa tana nisanta har kusan kashi ɗaya cikin uku na tazarar wata, inda ba mai gyaran da zai kai. Duk aibin da ya tsallake gwaji, da shi za a zauna.