Yarinya Mai Takobi, Yaro Marar Suna

Tun da aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, ake tambayar wane irin yaro littafin karatu zai nuna. Mun lura cewa yarinyar da ta ɗauki aikin maza tana da gurbi. Ana ba ɗalibai labarin Amina ta Zazzau, da Sarauniya Mangu wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a 1899. Amma yaron da ya karkata ga girki da maganar mata, wanda gari ke kira ɗan daudu, da wuya a same shi a shafi.

Alhali ba baƙo ba ne a ƙasar Maraɗi, har da Madarumfa. Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya ga jihadi sun riƙe bori a fada ƙarƙashin Iya, kuma an daɗe da sanin ƴan daudu a dandalin bori da tashar mota.

A ganinmu, ma'aunin marubuta shi ne daraja: mace ta yi kamar namiji hawa ce, namiji ya yi kamar mace faɗuwa ce. Ɗan lakwal kuwa da wannan ma'auni yake auna abokin zamansa.