Rufe iyakar Nijar da Najeriya: tarihinsa da abin da ya haifar

Masu saurarenmu na Tasawa da Mayahi, da ƴan uwa da ke ci-rani a Kano, Legas ko Agadas, sun sha tambayarmu: sau nawa aka rufe iyakar nan, kuma rufewar ta taɓa biyan buƙata? Ga abin da muka tattaro.

Iyakar da kanta

Tsawon iyakar ya kai kimanin kilomita 1,500, kuma akasarinta gonaki ne da daji. Ƙofofin da mutanen yankinmu suka fi bi su ne Ɗan Isa zuwa Jibiya, da Ɗan Barto zuwa Kwangwalam ta wajen Daura. Mu muke kai dabbobi, wake, aya da riɗi. Daga can kuma masara, takin zamani da kayan masarufi ke shigo mana. A da akwai kuma shinkafar waje da ake saukewa a Kwatano, a ajiye ta a Maraɗi, sannan a tsallaka da ita Najeriya.

1984 zuwa 1986

A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa lokacin da take canja takardun naira. Rufewar ta zo daidai da babban fari, zamanin Janar Seyni Kountché. Damina ta ƙi, hanyar sayo masara kuma ta toshe. Shi ya sa har gobe tsofaffinmu ke kiran yunwar shekarar da sunan El-Buhari. Sai a 1986, bayan Janar Babangida ya karɓi mulki, aka buɗe.

2016 zuwa 2020

A 2016 Najeriya ta hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa, domin ta ƙarfafa manomanta. Da fasa-ƙwauri ya ƙi tsayawa, sai ta rufe iyakokin baki ɗaya a watan Agustan 2019, ta kuma hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A watan Disamban 2020 aka buɗe ƙofofi huɗu, ciki har da Illela da Maigatari, amma haramcin shinkafa bai tashi ba.

2023 zuwa 2024

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta saka wa Nijar takunkumi ranar 30 ga watan. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar mana, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, ƙasashen biyu suka buɗe ƙofofinsu a watan Maris. Nijar ma ta ɗauki nata matakai: a watan Oktoban 2024 ta hana fitar da hatsi da sauran cimaka, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso, a 2025 kuma ta dakatar da fitar da dabbobi gab da babbar salla.

Shin an ci riba?

A wani ɓangare, e. Noman shinkafa da masana'antun casarta sun ƙaru a jihohi irin su Kebbi da Kano. Amma kuɗin abinci ya hau a Najeriya, kuma shinkafar waje ba ta ɓace daga kasuwa ba. Takunkumin 2023 kuwa bai mayar da Shugaba Bazoum kan mulki ba. Ƙarshenta Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025.

Dalili a fili yake. In aka rufe kwalta, kaya sai su koma bayan gari, a kan babura da amalanke. Buhun da a da babbar mota ke ɗauka sau ɗaya, yanzu sai ya bi ta hannu uku ko huɗu, kowa da nasa lada, ga kuma na shingayen hanya. Babban ɗan kasuwa yana da jarin da zai jure wannan, ya ɗora kuɗin a kan kaya. Wanda ke biya shi ne mai sayen tiya ɗaya.

Manomi kuwa sau biyu yake shan dukan. Waken da ya noma a ƙasar Mayahi da ragon da matarsa ta yi kiwo sai su faɗi, tunda masu saye daga Najeriya ba su zo ba, alhali taki da masara sun yi tsada.

Shi ya sa muke tunatar da manoma: in kaka ta yi, kada a kwashe rumbu a kai kasuwa gaba ɗaya, a rage na bazara. Ƴan ci-rani kuma su riƙa tafiya da takardunsu cikakku, su bi ƙofar da hukuma ta amince da ita. Allah ya ba mu damina mai albarka.